Rasuwar Ba-sani-ba-sabo, Wadda Ta Tare Ƙarfe da Jikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai ɗauke da ɗinki, ni Auta mai walda, a madadin kaina da mai ɗakina da 'yarmu ma'aikaciyar jinya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu zaman benci a ƙofar shagonmu rasuwar malamata kuma abokiyar gabata, kwamfutar tafi-da-gidanka da aka fi sani da Ba-sani-ba-sabo. Ta cika ne ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan gajeriyar jinya, sakamakon mummunan raunin da ta samu daga baya har ƙirji. Ta tsufa kam, amma tsufa bai samu damar ɗaukarta ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka a gaban shaidu, kuma wanda ya kashe ta uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne a hannun 'yarmu, wadda ta yi karatun jinya da ita har ta gama. Ta zo mana da tabonta. Maɓallin harafi ɗaya ya fita ya bar mata giɓi, marfinta yana lilo ta gefe guda sai da na yanko siririn ƙarfe na ɗaure mata ƙugu, batirinta kuwa yadda kwando ke riƙe ruwa haka yake riƙe wuta. Amma a cikin wannan raunannen jiki akwai manhajar ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da hasumiyoyi da kurata, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa gamuwa da mara imani irin abin da ke zaune a cikinta ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai so ya ji dalilin da ya sa aka haɗa ni da ita. Ina da wa, wanda duk layinmu ke kira Guduma, ni kuwa Yaya nake ce masa. Shago ɗaya muke tun rasuwar mahaifinmu, muna ƙera ƙofofi da tagogi. Shi ya koyo ces yana saurayi a wajen wasu injiniyoyi da ya yi wa aiki, ya dawo ya ƙera allo da 'ya'yansa daga guntayen ƙarfen shago. Kuratan notuna ne, hasumiyoyin guntayen bututu, sarkin kuwa dunƙulen ƙarfe ne mai tsini a ka, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi kwana da kwanaki kana ɗingishi. Ya nuna mini yadda kowane ɗa ke tafiya. Daga nan ya rufe makaranta ya buɗe mayanka.

Yaya ba ya cin ɗa cikin mutunci. In ya ci dokinka, sai ya ɗaga shi sama ya maka shi cikin bokitin ƙarfe, ƙarar ta tsallaka titi, don mai shayi ma ya san an yi kisa. Sannan ya kafa doka cewa duk wanda ya ci wasa zai yi wa wanda aka ci ranƙwashi ɗaya a tsakiyar ka. Muna samari abin dariya ne. Amma na yi gemu, gemun ya yi furfura, Yaya yana nan yana naɗe yatsunsa masu kama da kan guduma yana sauke su a kaina a gaban masu ciniki. “Auta, kawo kan,” haka yake cewa. Ni kuwa in cire hula in sunkuya, don wa wa ne, kuma doka doka ce.

Wata rana 'yarmu ta biyo ta shago a kan hanyarta ta dawowa daga asibiti, ta ga abin da idonta. Ta juya ta wuce gida. Sai da na koma gida ta same ni ina wanke hannu.

“Baba, ba zan iya ganin wannan sau biyu ba. Ko ka bar wasan, ko ka koye shi.”

“Wa zai koya mini, bayan duk garin nan babu mai cin Baffanki?”

Ta shiga ɗaki ta fito da marigayiya ta ɗora mini a cinya. “Ga ta. Ba ta san Baffa ba, kai ma ba ta san ka ba.”

Daga bakin 'yarmu sunan ya fito, kuma marigayiya ta riƙe shi da gaskiya har ƙarshen rayuwarta.

Muna shaida cewa ta kasance mai adalci a kisa. Wasanmu na farko ban gama gyara zama ba ta yi wa kuratana yankan rago, ta kama dokina ta karya shi, ta bi sarkina lungu-lungu har ta matse shi a kusurwa ta shaƙe. Duk wannan ba tare da ɗaga murya ba. Ƙwas, in ta ajiye ɗa. Ƙwas, in ta ɗauke naka. In ka yi wauta babba, sai ka ji ɗin! kamar an buga cokali a kofi, ta zana wa tafiyar taka jan layi da alamar tambaya har biyu, kamar mai cewa, bawan Allah, lafiyarka kuwa? In kuma tana tunani, fankarta ce ke numfashi, fuuuu, kamar sa yana huci kafin ya tunkuyi mutum. Mai ɗakina ta haddace waɗannan muryoyi har ta fi ni. Tana madafa za ta ji ɗin! ta ɗaga murya ta ce, “Baban yarinya, an sake zubar maka da hanji ke nan?”

Muna kuma shaida cewa ta kasance mai haƙuri. Na zage ta da zagin da ban taɓa yi wa ɗan adam ba, na daki tebur har linzaminta, wato maus ɗin da ake danna ta da shi, ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, ba ta taɓa ramawa da baki ba. A kan allo take ramawa, ninki. Amma in ta gama fille maka kai, sai ta ɗauko kan ta maida maka a wuya, ta koma da kai baya zuwa daidai gidan da ka fara mutuwa, ta nuna maka da koren kibiya inda ya kamata ka bi. Tana barin mutum ya janye tafiya, abin da Yaya zai gwammace ya haɗiye garwashi da ya yi. Tana rage ƙarfinta in ka roƙe ta, ta zama kamar ɗan koyo, har ka ci ta ka fara jin kanka, sannan ka ƙara mata mataki ɗaya ta tuna maka ko kai wane ne. Ba ta taɓa jefa dokina a bokiti ba. Ba ta taɓa neman in cire hula ba.

A cikinta akwai wasannin gwanayen da suka shuɗe, jibgi guda, mutanen da ban san fuskokinsu ba amma na san yadda suke yanka. Bayan sallar asuba kafin in fita shago, da kuma lokacin hutun azahar in Yaya ya tafi gida cin abinci, sai in zauna in bi waɗannan yaƙe-yaƙe tafiya bayan tafiya, ita tana tsayar da ni tana tambaya: a nan me za ka yi? In zaɓa, ta ce ɗin! In sake zaɓa, ta ce ɗin! A wajenta na koyi cewa mutum yana iya miƙa wuyan ɗansa da gangan don ya sami wuyan sarkin wani. Ni da nake riƙe kowane kurtu kamar ɗan cikina, sai ga ni ina tura su cikin wuta ina kallo.

Babban alherin da ta yi mini shi ne binciken gawa. Duk wasan da Yaya ya ci ni, da kan nawa yana zafi nake komawa in jera mata shi tun daga farko, ita kuma ta feɗe shi kamar likita. A gefen fuskarta akwai wani ma'auni, rabi fari rabi baƙi, mai nuna wanda ke sama. Ina kallo nake ganin inda jinina ya fara zuba. To a nan ne ta tona asirin da shekara da shekaru ban gani ba. Sau da yawa ma'aunin yakan karkato wajena a tsakiyar wasa, ni ban sani ba, tsoro ya rufe mini ido. Yaya maci ne, ba ya iya ganin ɗa a sake ya ƙyale. Yakan fito da sarauniyarsa farauta ta yi nisa da gida, ya bar sarkinsa a layin baya, kurata uku a gabansa kamar katanga, babu ko taga ta gudu. Marigayiya ta nuna mini wannan ɗaki marar ƙofa da jan layi, ta sake nunawa, ta kuma nunawa, har na fara ganinsa a jikin ƙofofin da nake yi wa walda.

Sannu a hankali wasannina da Yaya suka fara tsawo. Bokiti ya rage kuka. Ranar da muka tashi canjaras, babu ci babu ranƙwashi, ya daɗe yana kallona kamar an musanya masa ƙane. Tela maƙwabcinmu, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, shi ya kai masa labarin cewa ina da malama a jaka.

“Ashe ƙarfe ka je ka yi wa almajiranci, Auta?” in ji Yaya. “To ka kawo ta ranar Asabar. A buɗe mata ido ta ga yadda ake yanka ɗalibinta.”

Na so in ƙi. Na san halin Yaya in an taru. Amma mai ɗakina da kanta ta goge wa marigayiya fuska da tsumma mai laushi, ta naɗe cajarta, ta rataya mini jakar a kafaɗa ta ce, “In ka dawo mini da ƙulu a ka yau, a waje za ka ci abinci.”

Ranar Asabar bayan la'asar ƙofar shago ta cika. Aka ɗora marigayiya a kan benci, bayanta na kallonmu don kada a ce tana raɗa mini, fuskarta na kallon jama'a. Kofur, tsohon ɗan sandan nan da ke zama da mu tun da ya yi ritaya, shi aka ba amanar shigar mata da kowace tafiya, da yatsa ɗaya yana lalube. Ni ke da farare, Yaya ke da baƙaƙe.

Ya shigo kamar yadda ya saba, da ƙafar dama da wuƙa a hannu. Ya ci kurtuna, ƙwaram a bokiti. Na ci nasa, na ajiye a gefe a hankali. Muka yi ta musayar gawawwaki har allo ya yi fili. Ina jin kamar fankar marigayiya na huci a cikin ƙirjina. Can na ɗauki dokina na ajiye shi a can gefen allo, shi kaɗai, babu mai tsaronsa, kamar wanda ya ɓata. Jama'a suka yi tsaki. Yaya ya yi dariyar da ta nuna dasashinsa, ya kwaso sarauniyarsa tun daga tsakiyar fili ta tafi har can ta cafke dokin. Ƙwaram!

Na saci kallon Kofur. Ya shigar da tafiyar, ya kalli ma'aunin, ya cire tabarau ya goge ya sake kallo. Sannan ya ja da baya da kujerarsa.

Na ɗauki sarauniyata na kai ta har layin baya na Yaya, na ajiye ta a bakin hasumiyarsa, na ce, “Sarki.” Muryata ta fito siririya kamar ta wani. Yaya bai ko tsaya dubawa ba. Ya fizge ta da hasumiya, ya miƙe tsaye, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya maka ta a bokiti da ƙarfin da ya sa bokitin ya kife. Aka ɗauki shewa. Yana tsaye yana karɓar gaisuwa na turo hasumiyata da ke laɓe a bayan sarauniyar, ta bi layin da aka share mata, ta cinye tasa, ta zauna. Sarkinsa ya duba gaba, kuratansa uku sun tare shi. Ya duba gefe, ga ni.

Wurin ya yi tsit, har ana jin tafasar butar mai shayi daga tsallake. Yaya ya sunkuya a kan allo, ya duba ta nan, ya duba ta can, jijiyar wuyansa na harbawa. Tela ne ya fara tsinka shirun.

“Doka doka ce! Guduma, a cire hula!”

Na miƙe tsaye. Har gobe ban san ko da zan ɗaga hannu ba, domin ba a ba ni lokacin sani ba. A daidai nan Kofur ya gama lalubo gidan ƙarshe ya danna, marigayiya kuwa, wadda ba ta san Yaya ba kuma ba ta san inda ake yin shiru ba, ta saki ɗan kiɗan da take yi in an ci wasa. Tin-tirin-tin! Jama'a suka fashe da dariya.

Yaya ya sa hannu biyu a ƙarƙashin allon ya watsa shi sama. Aka yi ruwan ƙarfe. Hasumiya ɗaya ta sami Tela a baki, haƙorinsa na gaba ya fito ya yi tsalle a kan siminti, ya durƙusa yana tara jini a tafin hannu. Kofur ya tuna aikinsa na da, ya rungumo Yaya ta baya, Yaya ya aika masa da gwiwar hannu a hanci, aka ji ƙas, farar rigarsa ta koma ja har ciki. Masu raba faɗa suka shigo, wani ya taka noti ya zame ya ja wani, wanda aka ja ya ɗauka dukansa aka yi ya rama a kan na kusa da shi. Kafin ka ce kwabo mutanen da suka zo kallon wasan zaman lafiya suna shaƙe da wuyan juna a cikin tarin rodi. Wani ya faɗa kan bencin, bencin ya ɗaga ƙafa, na ga marigayiya tana zamewa za ta sha ƙasa. Na yi tsalle na cafe ta, marfinta ya rufe a hannuna.

Da na ɗago, Yaya na tsaye a kaina. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, hularsa ta faɗi, baƙin sarkinsa na dunƙule a hannunsa, tsinin a gaba.

“Ni za ka tara wa mutane, Auta? Ni?”

Na ga hannun ya tafi baya. Abin da ke hannuna kawai na ɗaga na kare fuskata. Ƙarfen ya sauka da nauyin mutumin da ya shekara arba'in yana dukan maƙera. Tsinin ya huda marfinta, ya fasa gilashin, ya ratsa ta cikin haruffa ya tsaya a ƙirjinta. Gefenta ya dawo ya sare ni a goshi, na faɗi da baya, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan idon na ga sarkin a tsaye a bayanta kamar an dasa shi. Ina rungume da ita ina jin fankarta a jikina: fuuu, ƙir, ƙir, ƙir. Sai ta yi shiru. Faɗan ma ya tsaya, kowa ya saki wuyan da ke hannunsa. Yaya ya kalli tafin hannunsa da ƙarfen ya yaga, ya kalle ni, ya juya ya bi titi ba hula ba takalmi ɗaya.

'Yarmu ce ta ɗinke ni, ta gyara wa Kofur hanci, ta cusa wa Tela auduga a baki, abin da wasu suka ce shi ne alheri ɗaya da ranar ta haifar. Marigayiya kuwa aka garzaya da ita wajen mai gyara. Ya zare ƙarfen da filaya, ya kwance ta, gutsattsarin gilashi na zubowa kamar gishiri. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar Talata ya haɗa mata wuta ta wata hanya, ƙaramar fitilarta ta kyafta, fankar ta juya sau ɗaya, na miƙe tsaye ina kiran sunanta. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta giɓin nan nata, da ƙaurin ƙonewa. Mai gyara ya zare waya ya ce, “Sai haƙuri. Tsinin ya kai har ma'ajiyarta.” Duk wasannin da muka feɗe tare, duk jan layin da ta zana mini, sun tafi da ita.

Ya ƙara da cewa manhajar ai ana samunta ko'ina, yanzu ma zai iya zuba mini irinta a waya. Na yafe masa, domin yaro ne a sha'anin rashi. Ba a yi wa mutum tallan wata malama gawar tasa tana kwance a gabansa ciki a buɗe.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, wadda har yanzu ke cusa a bango tana jiran abin da ba zai dawo ba. Ta bar linzami mai ciwon danna dama, da baƙar jaka mai mataccen zik, da ɗalibi ɗaya mai shekara hamsin da ɗoriya wanda bai sauke karatu ba. Ta bar Tela da giɓi irin nata.

Shago ya kasance a rufe tun ranar. Jiya da safe muka ji sallama a ƙofar gida, muryar da ban taɓa jin ta yi ƙasa haka ba. Mai ɗakina ta amsa, ta shimfiɗa masa tabarma, amma ba ta kawo ruwa ba, ta koma bayan labule ta tsaya inda ake ganin ƙafafunta. Yaya ya zauna, hannunsa a naɗe da bandeji. Ya ce a nuna masa ita. Na ɗauko ta a cikin tsumma na buɗe. Ya sa yatsansa a ramin, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Ya zare shi, ya kalli yatsan, ya kalli goshina. Sannan ya ce:

“Auta, ba ita na nufa ba.”

“Na sani, Yaya.”

“Da yanzu zaman makokinka ake yi. Ni kuma in ce wa Inna me in na same ta a lahira?”

Ya share fuska da bayan hannu, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya sunkuyo mini da kansa. Rabona da ganin tsakiyar kan Yaya tun muna wanka a baho ɗaya. Gashin ya tafi, sai 'yan fararen tsiraru da tabon tartsatsin walda.

“Ka ci wasa,” in ji shi. “Yi.”

“Haba Yaya, a bar maganar.”

Daga bayan labule aka ce, “A bar me?”

Na naɗe yatsuna. Na tuna ranar farko, na tuna ranar da 'yata ta gani, na kalli ramin da ke jikin marigayiya. Na sauke masa guda ɗaya tun daga kafaɗa. Ƙarar ta yi kamar an jefa doki a bokiti. Ashe kan Yaya maƙera ce. Yatsana na tsakiya ya kumbura nan take, hawaye ya zubo mini, shi ma ya zubo masa, kowa ya ce zafin ne. Sai ga ruwa a kofi an turo ta ƙarƙashin labule.

Ya sha, ya maida hula a hankali yana kaucewa wurin, ya ce, “Daga yau an soke wannan doka.”

Na ce, “Yanzu da na fara ci?”

Ya buɗe baki, ya rufe. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga Yaya ya duba gaba da gefe ya rasa gidan shiga ba tare da allo a gabansa ba.

Za a yi mata sutura ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a bayan shago, gindin katangar da muke jingine ƙofofin da ba a zo karɓa ba. Mun tambayi liman ko akwai abin da ake karantawa, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambayi 'yata ko an duba kan nawa da kyau, don haka za a sa ta a shiru. Mai gyara ya cire batirin, ya ce ko a mace tana iya fashewa, abin da bai ba duk wanda ya san ta mamaki ba. Akwatin ni na ƙera shi da farantin ƙarfe mai kauri, wanda babu tsinin da zai huda. Ramin kuwa Yaya ya roƙa a bar masa, da hannu ɗaya zai haƙa, kuma kada kowa ya taya shi. Kofur zai tsaya a bakin ƙofa yana laluben aljihu. An ɗauke wa Tela jawabi.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago bayan an rufe ramin. Iyalan marigayiya na roƙon kada a zo da waya a ce in gwada wata. Yaya ya nemi, in an watse, mu jera wasan nan tun daga farko don ya ga inda ya fara mutuwa. Na ce masa mai nuna wannan ta tafi. Ya ce to sai mu nema da kanmu, mu biyu, ko da zai kai mu magariba. Mai ɗakina ta amince bisa sharaɗin 'ya'yan roba za a jera, ta kuma aika an kawo su. Duk da haka, wanda ya zo a makare ya tarar da mu a sunkuye a kan allo, ya yi addu'arsa a zuci, ya nemi wuri a bayan injin walda ya zauna, inda jifa ba ya kaiwa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.